Jar Layar Illa

Yanzu in ka zauna a bakin titi a unguwar Treichville, nan Abijan, tun hantsi har la'asar, ba za ka ji ƙarar almakashi ba. Za ka ji hon ɗin motoci, za ka ji waƙa tana fita daga wayar kowane yaro, za ka ji masu sayar da garba, dambun rogon nan da ake kira acake haɗe da soyayyen kifi, suna kankare kasko, amma ƙas-ƙas ɗin nan da muke yi da almakashi muna tafe da keken ɗinki a kafaɗa, wanda ya sa mutanen garin nan suka raɗa mana suna toklo-toklo, sai ka yi sa'a. Wa zai ba da wando a yi masa faci yau? Gwanjo ya cika gari, abu ya yage a jefar a sayi wani. Yaran ma da gangan suke zaɓen wando mai yaga a gwiwa, wai shi ne ado. Kwanaki na ga jikana da irinsa, bakina ya riga hankalina, na ce ya kawo in kama masa. Ya yi dariya, ya ba ni amsa da Faransanci mai tsawo wanda rabinsa kawai na gane. Da ya kawo ɗin ma babu abin da zan iya yi masa, domin rabona da riƙe allura tun ranar da muka nufi gada ni da Illa.

Illa abokina ne tun muna kiwon awaki a wani ƙauye na ƙasar Adar. Shekarar da damina ta yaudare mu, gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe, muka hau saman motar albasa muka yo kudu, ko gemu ba mu fara ba. Kafin mu taso kowannenmu tsohuwarsa ta nemo masa layar tafiya. Tawa baƙa ce, ƙarama, ba ta da wani ado. Ta Illa kuwa kawunsa baduku ne, ya zauna ya rufe ta da jar fata ya bi gefenta da koren zare, ko daga nesa ka hango ta ka san tasa ce. Kwanaki muka yi a hanya muna cin ƙura da garin rogo, albasa tana sa mu hawaye, Illa yana cewa ai kukan rabuwa da gida ne Allah ya sauwaƙe mana, ba sai mun nemo dalili ba. Da muka ga ruwan Abijan kwance ba iyaka, ni tsoro na ji, shi kuwa tambaya ya yi ko ana sayar da shi.

A Adjamé muka sauka, bayan gidajen 220 Logements, wurin Baba Nomau, wani dattijo ɗan ƙasarmu wanda duk baƙon da ya zo daga wajenmu a zaurensa yake fara shimfiɗa tabarma. Shi ne kuma limamin ɗan masallacin lungun. Ba ya karɓar komai a hannun sabon zuwa, amma za ka biya da jikinka. Tun asuba ka kama layin famfo da bokiti, ka share masallaci, ka cika butoci, in motar albasa ta iso ka sa kai a ɗora maka buhu. Har yau ina jin ƙarar bokitan nan suna karo da juna, da matan Julawa suna faɗa a kan layi, da tarin Baba Nomau da ke gaya mana ya tashi. Ranar da muka zo ya dube mu, ya ce, “Ku biyu kunka zo, ku biyu za ku koma. Wanda yak koma shi ɗai, shi ka tsayawa gaban tsohuwar ɗan'uwa nai shi yi bayani.” Muka ce to, muna ta kallon tukunyar shinkafa da ke kan wuta.

Illa bakinsa ya fi ƙafarsa sauri. Kafin shekara ta zago ya iya Julanci, ya iya Faransancin titi, yana zagin 'yan kamashon gbaka, ƙananan motocin hayar garin, da yarensu suna dariya suna ba shi hannu. Ni kuwa ko farashin ruwan sanyi zan tambaya sai na yi gumi. Saboda haka shi ya shiga kasuwar albasa, ni Baba Nomau ya haɗa ni da wani tela ya koya mini, har na samu kan keke nawa na shiga gari. Da safe in bi lungunan Adjamé, wata rana in tsallaka gada in yini a Treichville wajen matan 'yan dakon tashar jirgin ruwa, waɗanda kullum wandunan mazansu a fashe suke. Ba zan ci hakkin Illa ba. Lokacin da shawara ta kwantar da ni, idona ya yi kamar an zuba kurkum, shi ya goya ni a baya ya kai ni wurin mai magani, shi ya riƙa wanke mini kayan da ko uwata sai ta kau da kai. Shi ya yi mini abokin ango, ni na ɗinka rigar sunan ɗansa na fari. Tela yake ce mini, ko a gaban surukaina. Abu ɗaya na sani game da shi wanda ban ɗauke shi a bakin komai ba: bai taɓa shiga ciniki ba sai ya shafa damtsensa na hagu, inda jar layar take. Bayan tsohuwarsa ta rasu abin ya ƙaru, ko wanka zai yi sai ya rataye ta inda idonsa zai riƙa ganinta.

A wancan zamani garin nan bai damu da inda aka haife ka ba. Ka iya aikinka, a ba ka, ka ci acake da kifi a gindin bishiya tare da wanda ba ku haɗa addini ba, a rabu ana tsokanar juna. Ban san ranar da abin ya fara juyawa ba. Sai dai na lura matan da ke ce mini toklo sun koma ce mini baƙo, kuma wanda ka ɗinka wa kayan makaranta tun yana majina ya fara tambayarka yaushe za ka koma garinku. Daga nan rigimar manya ta taso, kowa ya ce kujera tasa ce. Mu ba mu da ƙuri'a, ba wanda ya tambaye mu ra'ayi, amma da aka fara harbi sai ya zama kowane ɓangare ya san wa muke goyon baya, mu ne kawai ba mu sani ba. Samari suka datse tituna da tayoyi da teburan kasuwa, suna kiran wurin baraj. A nan za a tsayar da kai, a tuɓe ka, a duba. Abin da suka fi nema shi ne laya. Girigiri suke ce mata, sun ce duk mai ita a jiki ɗan yaƙi ne, maganin bindiga ya ɗaura. Mutum nawa aka rataya wa taya a wuya saboda ƙullin da kakarsa ta ɗaura masa na maganin ciwon ciki, Allah kaɗai ya sani.

To mu kuma ga yadda muke. Laya ba abin da za ka cire ka wurga a kwata ba ne, akwai sunan Allah a ciki. Wani ya gwammace ya kwana da tsoro da ya jefa ta a shara. Baba Nomau, wanda lokacin ya tsufa har sai an riƙe shi yake miƙewa, ya sa aka haƙa rami a bayan masallaci, aka saka tukunyar ƙasa, ya ce kowa ya kawo tasa. Na ga manyan mutane masu furfura suna kwance guru daga ƙugu suna juya baya kamar masu tuɓe wando. Na ciro 'yar baƙar tawa, wadda ta yi shekaru tana shan gumina, na saka. Da na dawo ɗaki na tambayi Illa.

“Kai fa, ka kai taka?”

“Tun jiya na ba Baba,” in ji shi. Ya naɗe hannun riga ya nuna mini damtsen, ga shatin igiya fari, babu komai.

Mata da yara mun riga mun tura su gida tun abin bai yi tsanani ba. Mu muka tsaya gadin kaya, har ranar da aka ƙone rumfunan albasa, abinci ya yanke, ruwan famfo ya ɗauke. Labari ya zo cewa a tashar Bassam, can Treichville, har yanzu ana samun motar da ke kai mutane bakin iyakar Gana. Tsakaninmu da can akwai unguwar Plateau, akwai gada, kuma babu gbaka ko ɗaya a titi, sai ƙafa. Muka aske gemu, muka ajiye hula da doguwar riga. Illa ya sa wata matsattsiyar riga mai hoton ƙwallo, tumbinsa a gaba, na yi dariya har na riƙe bango, ita ce dariya ta ƙarshe da na yi da shi. Na yi niyyar barin keken wurin Baba Nomau, Illa ya hana.

“Ɗauko shi, Tela. Kowa yag ga keke ya san mai neman abinci na. Shi ka fisshe mu. Tahi ka yi alwala, ni in ɗaure ma shi, kai ba ka iya ɗauri ba.”

Na tafi na yi alwala. Da na dawo ya naɗe shi da tsumma ya ɗaure tamau. Baba Nomau ya yi mana addu'a daga kan buzunsa, ya ce shi ba inda za shi, ƙafafunsa sun riga sun zaɓa masa.

Ban taɓa jin Adjamé shiru ba sai ran nan. Wurin da in kana magana sai ka ɗaga murya, ga shi muna jin takun silifas ɗinmu. Shara ta yi tudu, karnuka sun yi ƙiba, akwai wani wari da ba na son in faɗi na mene ne. Mun wuce baraj na farko da na biyu, Illa yana gaba yana zuba musu Faransanci, yana kiransu da sunayen da suke kiran junansu, su dube ni da keke a kafaɗa su ce wuce. Har na fara cewa a raina lallai Illa ya yi dabara. Rana ta take sosai lokacin da muka iso bakin gada, muna hango Treichville a tsallaken ruwa. A nan samarin sun fi yawa, idanunsu jajaye, wasu da adduna, wasu da katako mai ƙusa, ga wuta tana ci a cikin rabin ganga. Suka tuɓe Illa, suka juya jakarsa, ba su ga komai ba, suka tura shi gaba. Ya tsallake katakon da suka gitta a hanya ya tsaya yana mayar da rigarsa. Ni ma suka tuɓe ni, babu komai. Har na sunkuya zan ɗauki keke, wani siriri mai tabo a leɓe ya taka shi da ƙafa, ya ce, “Vieux, kai tsoho, kwance wannan.”

Na kwance da hannuna, raina kwance, don na san abin da ke ciki. Kan keke yana da rami a ƙarƙashinsa, inda muke cusa tsumman mai da ɗan kwalin allura. Yaron ya kifa shi, ya zura yatsu, ya jawo tsumma. Sai ga ta ta faɗo a kan kwalta, ja, da koren zare a gefe.

Ihun da suka yi har yanzu yana cikin kunnena. Kafin in ɗago an doke ni a ƙeya, na faɗi a kan gwiwa. Suna ta cewa girigiri, girigiri, ga ɗan yaƙi ya ɓoye a cikin keke. Mai tabon ya ɗaga ta sama yana tambayata ta wa ce. Na juya na dubi Illa. Yana tsaye bayan katako, tazarar da ba ta fi a miƙa wa mutum goro ba, jakarsa a rungume. Ban ce tasa ce ba. Kada wani ya ɗauka kirki ne ya hana ni, jira nake ya faɗa da bakinsa, don a lokacin ko a mafarki ban yarda zai yi shiru ba. Na san yana da bakin da zai iya sayar wa mutum ruwan lagun ɗin da ke ƙarƙashin gadar, na ce yanzu zai yi magana, yanzu zai san yadda ya juya su. Ɗaya daga cikinsu ya bi idona, ya nuna Illa da adda, ya ce, “Kai, ka san shi?”

Illa ya ce, da Faransancinsa mai kyau, “A hanya na gan shi.”

Suka ce to ya ɓace. Ya juya ya hau gada. Ina kallon bayan rigar nan mai hoton ƙwallo tana ƙanƙancewa, bai waiwayo ba, sauri ma bai yi ba, tafiyar mutumin da ba shi da abin tsoro a jikinsa.

Sun kawo taya, na ji warin fetur. Abin da ya tsaya tsakanina da wuta wata mata ce mai sayar da kifi a Treichville, wadda ta zo neman ɗanta a cikin samarin. Ba Musulma ba ce, sunanta ma ban sani ba a lokacin, Maman kawai nake ce mata in ta kawo ɗinki. Ta kutsa cikinsu tana zagi, ta ce wannan toklo ne, shi ya ɗinka wa rabinku kayan makaranta, in kun ƙona shi ku haɗa da ni. Suka yi ta gardama a kaina kamar ana cinikin akuya. A ƙarshe mai tabon ya ce to ba za a ƙona ni ba, amma hannun da zai riƙe bindiga ba zai wuce ba. Suka shimfiɗa hannuna na dama a kan dakalin titi, mutum biyu suka danne ni, ya ɗaga kan kekena da hannu biyu ya sako shi. Bai gamsu ba ya sake. Keken suka jefa a ruwa, layar suka jefa a gangar wuta.

Maman ce ta tura ni a baro ta tsallaka da ni gadar da Illa ya bi. A tsakar gidanta na yi jinya, babu asibitin da za a je, wani tsoho ya ɗaure hannun da tsinken kwakwa da tsumma. Ƙashi ya haɗe yadda ya ga dama, yatsun suka dunƙule suka bushe kamar ƙafar kaza. Sai da ƙura ta lafa na samu wanda ya ara mini waya na kira gida. Matata ta ji muryata ta saki wayar ta ruga. Ashe Illa ya isa lafiya, ya tsaya gaban tsohuwata, ya yi bayanin da Baba Nomau ya ce za a yi: wai turmutsutsu ya raba mu a bakin gada, ya neme ni har ya gaji, kuma ya ga hayaƙi. Har an yi sadakar uku, matata ta shiga takaba.

Ban koma gida ba, iyalina na sa suka dawo. Na kafa ɗan tebur a nan Treichville ina sayar da zare da maɓalli da zif. Mutane suna tsammani rashin sana'ar ne ya fi ci mini rai. Wanda bai rasa dama ba bai san abin da take yi masa ba. Da hagu nake karɓa, da hagu nake bayarwa, kullum ina cewa a yi haƙuri, har na gaji na daina. Da hagu nake tsarki, da ita nake cin abinci. Azumin farko bayan abin na zauna buɗa-baki a masallaci, aka ajiye faranti, na sa hannu. Ba wanda ya ce uffan, mutanen kirki ne. Sai dai na ga kowa yana ci daga gabansa yana janyewa, har aka bar mini tsibirin shinkafa a gefena wanda ba mai taɓawa. Tun daga ranar ban sake haɗa kwano da kowa ba, ko da 'ya'yana.

Shekaru sun shuɗe, gari ya gyaru, an yi sababbin gadoji, yaran yanzu in ka ba su labarin baraj sai su ɗauka fim ne. Baba Nomau ya daɗe da rasuwa, an rushe masallacin an yi shaguna, tukunyar layunmu tana nan ƙarƙashin wani mai sayar da wayoyi. Ina jin labarin Illa daga bakin direbobi, wai ya zama Alhaji, motocin albasarsa suna zuwa har nan, amma shi ba ya zuwa. Sai bara, da azahar, wata mota mai sanyi ta tsaya gaban teburina, ya fito cikin farar shadda, ya yi ƙiba, yana tauna goro. Na gane shi tun kafin ya rufe ƙofa.

“Tela,” in ji shi. “Ashe rai kan ga rai.”

Na ba shi benci. Ya tambayi iyali, na tambayi nasa. Ya yi ta kallon zare da maɓallai, ya kalli titi, ya kalli takalminsa, ko sau ɗaya bai kalli hannun ba. Ni kuma na ɗora shi a kan gwiwa inda rana ke haska shi. Can ya gyara murya.

“Wallahi Tela, abin nan ya daɗe yana cina. Ban iya yada ta ba, ka san ta tsohuwa ta, kuma duk abin da nis samu a duniya da ita nis same shi. Na ce keke ba mai duba shi.” Sannan ya ce, “Amma ka duba ikon Allah. Mutum nawa anka ƙone a wurin nan? Kai ga ka zaune. Ai ita ta tsare ka.”

Ya matso, ya rage murya kamar mai tambayar farashi.

“Ko ka samu ka ɗauko ta?”

Na ce, “Sun sa ta wuta.”

“Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un,” in ji Illa. Ya dafe kai. Idonsa ya kawo ruwa, na gani da idona, hawaye na gaske.

Daidai nan 'yata ta kawo mini abincin rana, acake da kifi da yaji a kwano ɗaya. Na ce ta kawo ruwa baƙo ya wanke hannu. Ya wanke, ya naɗe hannun shadda, ya matso da benci. Na sa hannuna na hagu na marmasa kifin, na cakuɗa shi da acaken tun daga wannan gefe har wancan, ban bar ko loma ɗaya da ban taɓa ba. Na tura kwanon gabansa.

“Bismilla, Alhaji.”

Ya dubi kwanon, ya dubi hannun. Ya ce af, ya manta, yau azumi yake yi. Jan goro yana nan a haƙoransa, ɓarin yana cikin kuncinsa.

Na jawo kwanona, na ci a hankali yana zaune yana kallo, ban rage komai ba.